Bangon Yamma na Ɗakin Hajiya

Lahadi, 19 ga Zulhajji 1438, bayan azahar

Ba su ba mu wuta ba.

Na sayi littafin nan ne don in jera kayan da za mu kwasa zuwa sabon gida, ga shi na buɗe shi da wannan. Ba komai. A gidan nan ba mai karanta Hausar boko sai ni. Abu Shahad, maigidana, a nan Tandabawi ta Makka aka haife shi, Larabci ya yi a makaranta, in ya ga rubutuna cewa yake tsutsotsi. 'Yarmu Shahad kuwa ko gaisuwar Hausa sai ta ɗora mata Larabci a wutsiya. Shekara goma sha tara da kawo ni daga Kano, yau ce rana ta farko da na ji daɗin hakan.

Ga abin da ya faru. Muhandis ɗin kamfanin wuta, wato injiniyansu, ya je gininmu na unguwar Shara'i da safe, ziyarar ƙarshe. Dokar yanzu, sabon gini ba ya samun mita sai an tabbatar an sa masa azal. Wani farin allo ne mara nauyi da suke kira falin, ana jera shi tsakanin bulo biyu don kada zafin waje ya ratso bango, mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya yi ta shan wuta a banza. Ya duba rufi ya wuce, ya duba gilasan tagogi ya wuce. Da ya shiga ɗakin Hajiya sai ya haska fitilar wayarsa a ramin da aka huda don bututun mukayyif, ya zura yatsa. Bulo, iska, bulo. Ya rufe takardunsa ya ce ba zai sa hannu ba.

Nan kuwa jan fentin da aka shafa wa ƙofarmu yana nan. Ranar 15 ga Muharram za a yanke wutar layinmu gaba ɗaya, daga nan sai rushewa. Saura kwana ashirin da biyar. Hajiya, surukata, ta haura tamanin. Allurar sukarinta a firji take kwana, kuma in mukayyif ya tsaya na awa guda numfashinta sama-sama yake yi.

Abu Shahad ya ba ni labarin yana tsaye, ko takalmi bai cire ba. Na ce Allah ya kyauta. 

Litinin, 20 ga Zulhajji, la'asar

Abu Shahad ya kori Mu'allim Mukhtaru.

Mukhtaru ne maginin, mutumin Damagaram, wata bakwai yana kan aikin nan tun daga harsashi. Kullum da rana nakan aika masa tuwo a kula, kullum kular ta dawo a wanke tas. Shi ya yi mana shawarar a yi wa Hajiya ɗaki a ƙasa kusa da banɗaki, saboda gwiwarta.

Abu Shahad ya ce falin ɗin da ya sayo ya ishi gidan har da saura, da hannunsa ya ƙirga. Ya tare Mukhtaru a ƙofar masallacin unguwa bayan azahar, mutane na fitowa. Ya ce masa, "Ya mu'allim, ina falin ɗina?" Mukhtaru ya sunkuyar da kai ya ce, "Laifi nawa ne, Alhaji." Ya ce, "Sayarwa ka yi?" Shiru. Ya sake tambaya, shiru. Sai ya faɗi kalmar, ɓarawo, a gaban jama'a, ya kuma rantse ƙafar Mukhtaru ba za ta ƙara taka filinsa ba.

Yana ba ni labari ina zuba masa shayi. Na cika kofin har ya zube a faranti.

Talata, 21, hantsi

Na dafa tuwo kamar kullum, sai da na ɗauko kular na tuna.

Laraba, 22 ga Zulhajji, bayan la'asar

Hajara ta shigo, maƙwabciyarmu ta bayan gida, mai sayar da ruwan sanyi da zoɓo a Arfa duk shekara. Ta kawo mini dabino da turmin zane, tana ta washe baki. Tun daga soro take ɗaga murya: "Rabi'a, Allah ya saka da alheri! Bana ƙanƙararmu har magariba ba ta narke ba, duk matan layi suna miki addu'a."

Na ja hannunta zuwa kicin kamar zan ɓalle shi. Na ce ta rage murya, Hajiya na barci. Hajiya ba barci take ba, tana zaune bakin tagarta tana jan carbi. Hajara ta dube ni ta ce, "Lafiya?" Na ce lafiya lau, kaina ke ciwo. Mace ce mai kirki, amma bakinta ba shi da marfi. Na roƙe ta kada ta sake tayar da maganar Arfa a gidan nan.

Dabinon yana kan firji, na kasa ci.

Alhamis, 23, bayan azahar

Abu Shahad ya kawo shawarar a kama ɗaki a Aziziyya na wata biyu, tunda alhazai sun watse gidaje sun zama wayam. Hajiya ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Hussaini, daga gidan ubanka zan fita in shiga gidan ɗana. Ban yi shekara sittin a Makka don in kwana a katifar da baƙi suka bari ba." Ya ce, "Ya Ummi, kwana kaɗan ne." Ta ce, "Kalas." In ta ce kalas, ko Shahad da ba ta jin magana takan nemi wurin zama.

Asabar, 25 ga Zulhajji, bayan magariba

Ashe muhandis ɗin ɗan gida ne. Sunansa Muhannad, jikan Sa'adiya mai waina da ta zauna a layin nan kafin su tashi. Hajiya na jin haka ta ce a kira mata shi, ita ta yi wa uwarsa wankan jego ko kusa da haka. Na ji daɗi a raina, na ce an gama, ai ba zai kalli idon tsohuwa ya ce a'a ba.

Ya zo da farar tobinsa, doguwar rigar nan ta Larabawa, ya sumbaci kan Hajiya, ya sha shayi kofi biyu, ya ce a'a. Hausarsa kamar an tsinto ta a hanya, amma ta isar da saƙo.

"Ya jadda, ba don takarda ba ne, wallahi. Wannan bango, rana tana buga shi daga zuhur har magrib. In ma fi azal, babu falin a ciki, ɗaki zai zama kamar tanda. Mukayyif yana aiki, yana aiki, ke kina zufa. In na sa hannu, ke na cuta."

Hajiya ta ce, "Mu da muka kwana a bukkar kwano a wannan dutsen ba mu mutu ba." Ya yi dariya ya ce, "Lokacin kina da shekara ashirin, ya jadda."

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne wannan. Ya ce tunda an sami bango ɗaya babu komai a cikinsa, ba zai iya yarda da sauran ba. Hanya biyu ce. Ko a huda kowane bangon waje na gidan, sama da ƙasa, ya leƙa ɗaya bayan ɗaya, sannan a gyara. Ko kuma a kawo maginin da ya yi aikin, domin ya san Mukhtaru yana ɗaukar hoton kowane bango a wayarsa kafin ya rufe shi. In hotunan sun nuna sauran lafiya, bango ɗaya kawai za a fasa.

Abu Shahad ya ce gara a huda gidan kamar rariya da ya nemi ɓarawo. Ina bayan labule da tiren shayi.

Litinin, 27, hantsi

Sabon magini ya je ya gani. Ya ce hudawa da toshewa da filasta da fenti, mako uku in Allah ya taimaka. Mu kwana goma sha bakwai muke da su. Ya kuma ce ba zai fara ba sai ma'aikatansa sun dawo daga hutun bayan Hajji.

Talata, 28, bayan azahar

Na gwada. Muna cin abinci na ce, kamar da wasa, "Ni fa ina ganin bangon yamman nan ne kawai, sauran ƙalau suke." Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Yaushe kika zama muhandisa, ya Umm Shahad?" Shahad ta tuntsire da dariya har ta ƙware. Na tashi na kawo mata ruwa.

Alhamis, 1 ga Muharram 1439, bayan asuba

Sabuwar shekara. Gidaje huɗu sun tashi a layinmu, sun cire ƙofofi da tagogi sun tafi da su. Kyanwoyi sun gaje ɗakunan.

Juma'a, 2 ga Muharram, la'asar

Hajara ce ta kawo labarin, ita da ba ta san tushensa ba. Alhaji Ubaidullah da ya ba Mukhtaru aikin katanga ya janye. Wani a Aziziyya ma ya fasa. Mutum mai mata da 'ya'ya biyar a Damagaram yana zaune a ɗakinsa ba aiki, in ya shigo masallaci ana matsar da takalma. Hajara ta ce, "Ni dai ban taɓa ganin alamar hannu a jikinsa ba, amma mutum sai Allah."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Bari in rubuta, tunda littafi ba ya kallon mutum.

Ni ce.

Falin ɗin a soron gidan nan aka jibge shi, don kada a sace a Shara'i. Ranar 4 ga Zulhajji, Abu Shahad ya riga ya tafi aikin motocin alhazai, kwana goma ba ya kwana gida. Hajara da mata biyar suka zo neman aro. Akwatunan ƙanƙararsu na katako ne, duk shekara kafin azahar ta Arfa ruwa ya zama na wanka. Suka ce in sun liƙa wannan farin abu a ciki zai riƙe sanyi, bayan Salla su dawo da shi. A layin nan ba a hana aro. Tukunya, tsani, tabarma, har firji an taɓa ara a nan ranar biki. Ranar da na haifi Shahad, Hajara ce ta kwana a kaina. Kuma ni a idona wannan abu ba shi da maraba da farin abin da ake cusawa a kwalin firji, wanda muke zubarwa a shara. Na ce su ɗiba. Suka ɗibi goma sha huɗu.

Wannan kuskure ne, da a nan ya tsaya da sauƙi.

Ranar 6 ga wata Mukhtaru ya bugo waya. Ya ce, "Umm Shahad, falin ya gaza, saura bangon yamma na ɗakin Hajiya. Leburorina gobe za su tafi Mina, shaguna sun rufe, hanyoyi ma sun fara rufewa. A bari sai bayan Salla?" Na lissafa kwanaki na ga jan fentin ƙofa. Na ce, "Mu'allim, rufe shi haka nan. Wa zai leƙa cikin bango?" Ya ce, "Doka ce fa, kuma ɗakin tsohuwa ne." Na ce masa Alhaji ya ce duk abin da na faɗa a bayansa shi ne, ko ba haka ya gaya masa ba? Ya ce haka ne. Na ƙara da cewa kada ya dame shi da wannan magana, yana fama da alhazai. Ya ce, "To."

Bayan Salla matan suka dawo da abin a yanke guntu-guntu, yana warin zoɓo. Na ce su riƙe.

Asabar, 3, hantsi

Na karanta abin da na rubuta jiya. Ba ƙarya a ciki. Na so a ce akwai.

Lahadi, 4 ga Muharram, bayan azahar

Na buga wa Mukhtaru waya daga kan bene. Ya ɗauka da sallama, ya tambayi jikin Hajiya kafin komai. Na ce ya turo mini hotunan bangayen in san yadda zan yi da su. Ya ce, "Umm Shahad, hotuna suna nan, amma muhandis ba zai karɓa ba sai na tsaya a gabansa na nuna masa wuri-wuri. Alhaji kuwa ya rantse." Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa masa gaskiya ba ranar?" Ya ce, "A ƙofar masallaci zan ambaci matar mutum? Ni ban faɗa ba, ba kuwa zan faɗa ba. Ni ma da hannuna na rufe bangon, na san abin da babu a ciki."

Na so ya zage ni. Da ya zage ni da na sami abin riƙewa in yi fushi, ni da fushi ba ya mini wuya. Sai ya ce in gaida Shahad.

Litinin, 5, la'asar

Na naɗe kwanuka a jarida, kwali tara. Hajiya ta hana a taɓa akwatinta na ƙarfe. Ta tambaye ni ina alƙibla take a sabon ɗakinta. Na ce yamma, tunda Shara'i tana gabas da Harami. Ta ce, "Ashe bangon nan zan riƙa kallo sau biyar a rana." Na ce i. Na ci gaba da naɗe kwanuka.

Talata, 6 ga Muharram, bayan isha

Mukayyif ɗin ɗakin Hajiya ya mutu da ƙarfe ɗaya na rana. Tsoho ne, ya girmi Shahad, ba a canza shi ba don ana cewa ai tashi za mu yi. Mai gyara bai zo ba sai huɗu da rabi. Muka mayar da ita falo, na falon ma numfashi kawai yake. Na jiƙa tawul, na ɗauki mafici. Wajen ƙarfe uku leɓenta ya canja, ƙirjinta na ƙara kamar ana jan ƙofa. Shahad ta fara kuka tana kiran babanta a waya. Awa uku da rabi kawai ke nan. Na tsaya ina fifita ina tunanin ranar 15, da ta 16, da ta 17.

Da sanyi ya dawo, ta yi magariba a zaune, na zauna ina matsa mata ƙafa. Na ce, "Hajiya, ina da magana." Na faɗa mata duka, har da wayar ranar 6 ga wata. Ban ɗaga kai ba.

Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce, "Rabi'atu, tagata a kan soro take. Na ga Hajara da tawagarta suna fita da shi a ka, na ƙirga goma sha huɗu. Ina jira ne in ga ko bakinki zai buɗe kafin nawa ya rufe."

Na ce, "Me ya sa ba ki gaya masa ba?"

Ta ce, "In na faɗa, suruka ta kai ƙarar matar ɗanta ke nan, har ku mutu kuna tunawa. Aro kam ko ni ce da na bayar. Abin da kika bari aka yi wa bawan Allahn nan ne ba na layinmu ba. Ki gaya wa Hussaini da bakinki, gobe, kafin ya karya."

Laraba, 7, hantsi

Na faɗa masa. Ya saurara har ƙarshe, abin da bai saba ba. Na shirya wa faɗa, na san in ransa ya ɓaci Hausa guduwa take daga bakinsa, Larabci ya yi ta zuba. Yau da Hausa ya yi magana, a hankali.

"Falin ba komai ba ne, Rabi'a. Na kira mutum ɓarawo a ƙofar masallaci, na dawo na gaya miki, kina zuba mini shayi."

Shekara goma sha tara bai kira ni da sunana haka tsirara ba. Ya ɗauki makullin mota ya fita, shayin yana nan ya huce.

Alhamis, 8

Ba ya mini magana. Ya tambayi Shahad inda farar tobinsa take, ina tsaye riƙe da ita.

Juma'a, 9 ga Muharram, bayan la'asar

Hajara ta rugo da labari, wannan karon na bar ta ta ɗaga murya. Bayan an idar da Juma'a Abu Shahad ya tsaya a daidai inda ya tsaya wancan karon, ya jira Mukhtaru ya fito, ya kama hannunsa da hannu biyu. Ya ce wa jama'a, "Na zalunci mutumin nan. Ko allo ɗaya bai ɗauka ba, kuskuren daga cikin gidana yake. Wanda ya ji na farko ya ji wannan, ya kai wa wanda ba ya nan." Ya sumbaci kansa. Ya ce zai yi kaffarar rantsuwarsa.

Hajara tana cikin ba da labarin ta tsaya cak, ta dafe ƙirji. Ta ce, "Rabi'a, ba dai namu na Arfa ba?" Na ce shi ne. Ta zauna a ƙasa. Na ce ta tashi, ita aro ta tambaya, ni na bayar.

Mukhtaru ya yarda zai dawo gobe. Saura kwana shida.

Asabar, 10, Ashura, bayan magariba

Sun haɗu da Muhannad a Shara'i, duk da ba ranar aikinsa ba ce. Mukhtaru ya bi da shi bango-bango yana nuna hotuna, kowanne da kwanan wata. Muhannad ya huda wuri biyu da ya zaɓa da kansa, ya sami falin. Ya ce bangon yamma kawai za a fasa, layin bulon waje, kuma kada a rufe sai ya gani da idonsa.

Na aika kula. Ta dawo a cike. Ai azumi ne yau, ni ce na manta.

Lahadi, 11, la'asar

Ta dawo a cike. Yau ba azumi.

Litinin, 12 ga Muharram, bayan azahar

Na roƙi Shahad ta roƙi babanta ya kai ni in gani. Ya kai ni, ba mu yi magana a mota ba. Bangon a buɗe yake kamar an yage riga, farin allon a jere daga ƙasa har sama, ba tazarar da yatsa zai shiga. Muhannad ya ɗauki hoto, ya ce, "Tamam, ya mu'allim, rufe." Na dafa bangon kudu da aka yi tun farko ta ciki, sannan na fita na dafa shi ta waje. Na waje ya kusa ƙona ni. Abin da na raina ke nan.

Mukhtaru na kan tsani, ya gaishe ni bai juyo ba.

Talata, 13

Muhannad ya sa hannu. Mita sai Alhamis, in sha Allah. Alhamis ce 15.

Laraba, 14, bayan la'asar

An kwashe komai sai gadon Hajiya da firji da murhun gas da akwatin ƙarfe. Ta sa na zagaya da ita ɗaki-ɗaki, tana dafa bango tana ambaton waɗanda aka haifa da waɗanda aka yi wa wankan gawa a kowanne. A bakin soro ta ce, "Nan kuma aka yi aron falin." Ta yi dariya har da tari. Ni ban iya ba tukuna.

Alhamis, 15 ga Muharram, bayan magariba, a Shara'i

Ƙarfe takwas na safe mukayyif ya yi tsit a Tandabawi, firji ma. Ba su makara da minti ɗaya ba. Shara'i kuwa ba labari, an ce ma'aikata suna hanya.

Ina tsaye da kwalaben allurar Hajiya a hannu ban san inda zan sa su ba, sai ga Hajara da akwatinta na Arfa a ka, cike da ƙanƙara. Cikinsa a liƙe da falin ɗinmu, har da jan tabon zoɓo. Ta ajiye ta ce, "Ga aronku ya zo kai ku gida." Abu Shahad ya dubi akwatin, ya dube ni, ya ɗauka ya sa a mota da kansa.

Hajiya ta ƙi jira a mota mai sanyi, ta ce a shigar da ita ɗakinta. Muka shimfiɗa mata, na ɗauki mafici. Azahar ta yi, ba wuta. Ƙarfe biyu, ba wuta. Akwai zafi, ba zan yi ƙarya ba, zufa muke dukkanmu, amma ba irin na ranar Talata ba, numfashinta bai canja ba. Rana ta juyo ta kama bangon yamma sosai. Ta ce in matsar da ita, ta ɗora tafin hannunta a kai, ta daɗe. Ta ce, "Jikan Sa'adiya bai yi ƙarya ba."

Uku da kwata aka ɗaura mita. Shahad ta danna, mukayyif ya yi gurnani, ta yi guɗa irin ta Larabawa. Na buɗe akwatin Hajara, ƙanƙarar ko rabi ba ta narke ba. Abu Shahad ya leƙo ya ce, "Umm Shahad, akwai shayi?" Na ce akwai.

Mukhtaru ya zo kwasar kayan aikinsa kafin magariba. Tun safe na tuƙa tuwon ƙarshe a murhun gas a tsohon gida, miyar kuka da man shanu yadda yake so, na sa a kai masa. Na tsaya a bayan ƙofar gida, shi yana waje yana ɗaure tsani a mota. Na ce, "Mu'allim, ka yafe mini." Ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Umm Shahad. Bango dai ya cika." Na ce, "An gode." Ya ce, "A gaida Hajiya."

Da motarsa ta tafi na leƙa. Kular tana gindin ƙofa, an kife mata kwali don kada rana ta doke ta. Na buɗe, malmala uku ne yadda na kwashe su.

Hajiya na kira, wai ɗakin ya yi sanyi da yawa, in zo in rage.